Yadda Ake Gano Inda Ruwan Sama Ke Shiga Cikin Mota A Toshe Shi

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk shekara da zarar damina ta kankama, musamman in watan Agusta ya shigo ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai an kawo min kuka iri ɗaya: an wayi gari kafet ɗin mota ya jiƙe sharkaf, gilashi yana ta gumi ta ciki, kana buɗe ƙofa wani wari ya buge ka kamar na tsumman da ya kwana a bokiti. Wannan aikin na yi shi ya fi a ƙirga, a motata da na 'yan uwa da maƙwabta, tun daga Golf 3 har Corolla da Sienna, shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta yadda nake yi tiryan-tiryan, ko wani zai huta da yawon gareji.

Kafin ka taɓa ko sifana ka riƙe wannan: inda ruwa ya kwanta daban, inda ya shigo daban. Sai ya shiga ta rufi, ya gangaro ta cikin ginshiƙin gefen gilashi, ya bi bayan dashbod, ya zo ya taru a ƙarƙashin ƙafar direba, kai kuma kana can kana zargin ƙofa. Sannan ita mota akwai wuraren da tun daga kamfani an san ruwa zai shiga, cikin ƙofa da ƙasan waifa da rufin nan mai buɗewa da muke ce wa ofin ruf, sai aka yi masa magudanar da zai bi ya fita. Mu kuma a nan arewa sai mu yi wata 6 zuwa 7 ko ɗigo ba a yi ba, ƙurar hunturu ta cika magudanan, ganyen darbejiya da 'ya'yanta su zuba a kai, rana ta gasa robobi su tsattsage, ruwan farko na sauka ƙurar nan ta koma taɓo ta liƙe hanya ruf. Yawancin motocin da na duba toshewar magudana ce kawai ke damunsu, ko sisi ba a kashe ba aka gama.

Kayan da za ka tanada

Tocila mai haske sosai, ta waya ma ta yi amma ta hannu ta fi don za ka riƙa cusa ta lungu. Tiyo da famfo mai ruwa, in babu to buta da bokiti da jarka 3 ko 4 daga wajen 'yan garuwa sun isa. Sukundireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, filaya, sifana lamba 10 don kan batir, da soket lamba 14 in ta kama sai an cire kujera, yawancin Toyota ita ce ke kwance ta. Sai tishu ko tsohuwar jarida, hodar yara ko alli, salatif mai faɗi, tsummokara da tsohon tawul masu yawa, ruwan omo a cikin gorar da aka huda murfinta, sirinji babba, da igiyar roba mai ɗan tauri kamar mita 2, irin igiyar fatsa mai kauri ko ta injin yankan ciyawa. Gam kuma kada ka saya tukuna, sai ka ga abin da ya lalace.

Abu na ƙarshe kuma mafi muhimmanci shi ne mutum na biyu. Ɗaya yana waje yana zuba ruwa, ɗaya yana ciki yana kallo. Ko ƙaninka ne ko yaron gida, in dai zai bi umarni ya isa.

1. Ka fara tabbatarwa ruwan sama ne

Mutane da yawa nan suke faɗuwa, don ruwa uku ne ke jiƙa kafet kuma kowanne da maganinsa. Ka dangwala farin tishu a wurin ka duba ka sansana.

In ruwan fari ne tas, a gefen mai zaman banza yake, kuma ka lura ko ba a yi ruwan sama ba yana jiƙewa in ka yi tafiya da esi a kunne, to ruwan esi ne. Akwai wani ɗan guntun tiyon roba da ke fitowa daga ƙarƙashin dashbod ya huda bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, shi ke zubar da raɓar da esi ke tarawa. Ka kunna esi minti 15 ka leƙa ƙarƙashin motar, lafiyayya za ka ga tana ɗiga a ƙasa, in ƙasa a bushe take to tiyon ya toshe. Na taɓa zaro gidan zanzaro sukutum daga cikin irin wannan tiyon, motar ta yi wata biyu a ajiye mai ita ya yi tafiya. Ka matsa bakinsa da yatsa ko ka zura igiyar robar nan a hankali, amma ka kauce da fuskarka don ruwan da ya taru zai ɓalle ne gaba ɗaya.

In kuwa ruwan yana da santsi a yatsa, da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, da launi kore ko ja, ko kalar tsatsa ga masu zuba ruwan famfo zalla a lagireto, kuma kullum sai ka ƙara ruwa a lagireto, to hitar da ke bayan dashbod, mai ɗumama cikin mota da ruwan lagireto, ita ce ta huje. Wannan ba aikin yau ba ne, kai ta wajen bakanike kafin inji ya yi zafi ya ƙone gasket.

In kuma bayan ka kutsa cikin ambaliyar titi ne ruwa ya kai ƙasan ƙofa, babu abin nema, ka tsallaka zuwa mataki na 6 kawai. Wanda sai an yi ruwan sama ko an kai ta wanki sannan ta jiƙe, shi ne namu.

2. Cire batir, kwashe kaya, nemo sawun ruwa

Ka kashe mota ka zare makulli, ka kwance kan batir na baƙar waya, mai alamar ragi, ka ba shi kamar minti 10 kafin ka taɓa komai. Dalili shi ne ƙarƙashin kujeru da cikin ginshiƙai akwai wayoyin jakar iskar nan ta hatsari, soket ɗinsu ruwan ɗorawa ne, duk inda ka ga soket ruwan ɗorawa ka bi shi da ladabi. Kuma kada ka kuskura ka mayar da batir ka murza makulli alhali soket ɗin kujera a cire yake, fitilar jakar iska za ta kama a dashbod sai an sa kwamfuta a wasu motocin kafin ta mutu. Masu tsofaffin Honda ku tabbata kuna da lambar rediyo kafin ku cire batir, in ba haka ba rediyon zai kulle.

Yanzu fitar da shimfiɗun ƙafa duka. Ka ɓalle robar nan doguwa da ke kan dokin ƙofa, wadda ake takawa in za a shiga, maɓallan roba ne ke riƙe da ita, ka naɗe bakin sukundireba da tsumma ka ɗaga a hankali kusa da kowane maɓalli, kada ka fizga daga gefe ɗaya don robar da ta sha rana kamar ƙwai take. Da ka cire ta za ka iya zura hannu ƙarƙashin kafet. Nan za ka sha mamaki, sama ka ji kamar ɗan danshi ne kawai amma soson da ke ƙasa in ka matsa ruwa ya fito ta tsakanin yatsunka. Ka duba duka kusurwa huɗu, ka buɗe but ka ciro sifeya taya ka leƙa raminta da aljihunan da ke gefe da gefe, ka shafa silin ɗin sama musamman kusurwoyi, ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshe ka taɓa, in ƙarshen bel a jiƙe yake to ruwan ta cikin ginshiƙi yake bi.

Ƙurarmu a nan tana mana rana. Duk bayan robobin mota za ka tarar da jar ƙura kwance, inda ruwa ya bi kuwa sai ya bar wani siririn layi wankakke, gefensa da busasshen taɓo kamar sawun kwari bayan ruwa ya ɗauke. Ka haska tocila a karkace, ka bi layin nan sama-sama har inda ya ɓace. Sau tari kafin a zuba ko kofi ɗaya na ruwa na riga na san wurin. Ka kuma tambayi kanka yadda motar ke kwana, hancinta ne a sama ko bayanta, ta karkata hagu ko dama, don akwai yoyon da ba ya tashi sai in ta karkata ta wani gefe. In ka zo gwaji ka ajiye ta kamar yadda take kwana.

3. Buɗe magudanai kafin komai

Ƙasan waifa. Ka buɗe bonet ka dubi baƙar robar nan mai raga-raga da ke tsakanin gilashin gaba da inji. Duk ruwan da ya gangaro daga gilashi nan yake shiga, akwai kwatami a ƙasanta, ruwan ya bi gefe biyu ya fita ta bayan tayoyin gaba. A cikin kwatamin nan kuma ƙofar da fankar esi ke jan iska take, to in magudanan gefe suka toshe ruwa ya cika ya tumbatsa, ta ƙofar iskar zai kwarara ya sauka a ƙafar mai zaman banza. Alamarsa ita ce ka kunna fanka ka ji kamar tana wasa da ruwa, ko in ka sha kwana ka ji ruwa yana kai da komo a bayan dashbod.

Ka yi wa inda waifa ke kwanciya alama da salatif a jikin gilashi, ka kwance notin hannun waifa, ka girgiza shi ya fito, ka cire maɓallai ka ɗaga robar. A wata Corolla da ke kwana ƙarƙashin darbejiya na tarar ganyen ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa mai laushi kamar takin lambu, har da wani ɗan tsiro fari siriri ya fito daga ƙwallon darbejiya a kusurwa, na kwashe ya kusa cika kwanon sha, ina zura igiya a kafar gefe sai na ji ɓul, baƙin ruwa ya zubo bayan taya kamar an tuntsurar da buta. Da hannu za ka kwashe dattin, kada ka tura shi ciki da ruwa. Bayan nan ka zuba ruwa ka ga yana fita da gudu ta gefe biyun. Ka duba ko ɓera ya yi sheƙa a wurin, suna son shi sosai kuma suna cin roba. Masu Passat da Audi na wajen shekarar 2000 ku kula ƙwarai, batir ɗinsu a cikin wannan kwatamin yake zaune, magudanar tana ƙarƙashinsa sai an ciro shi ake ganinta, kuma akwatin da ke kula da gilasai da makullan ƙofa yana ƙarƙashin kafet ɗin direba, ruwa na taruwa shi yake fara ci.

Ƙasan ƙofa. Ka buɗe kowace ƙofa ka durƙusa ka leƙa ƙasanta, za ka ga 'yan kafofi 2 ko 3. Ka zura tsinken tsintsiya ko igiyar roba ka sosa. In ka kaɗa ƙofa ka ji ruwa na motsi a ciki ai magana ta ƙare. Motar da aka taɓa yi wa fenti ka duba da kyau, sau da yawa bodi fila da fenti ne ke rufe kafofin.

Ofin ruf. Wannan shi ne sarkin kawo ruwa a motocin Belgium. Robar gilashinsa ba ta hana ruwa ɗari bisa ɗari, akwai faranti a ƙarƙashi da ke tare abin da ya wuce, da kafa a kusurwoyi huɗu, kowace da siririn tiyo, na gaba su bi ginshiƙan gefen gilashi su fita wajen hinjin ƙofa ko bayan tayar gaba, na baya su fita wajen tayar baya ko bayan bamba. Ka buɗe rufin, in ka riga ka cire batir kuma kujeru na nan da soket ɗinsu ka mayar na ɗan lokaci, ka share farantin da jiƙaƙƙen tsumma, sannan ka ɗebi ruwa da sirinji ko rabin kofi ka zuba a kusurwa ɗaya, yaronka ya tsaya wajen taya ya gaya maka ko ya fito. In ya tsaya cak, zura igiyar roba kana murza ta a hankali, in ta cije ka ja baya ka sake, ka bi da ruwan ɗumi.

Don Allah kada ka zura wayar ƙarfe ko hangar kaya, za ta huda tiyon a cikin ginshiƙi inda hannu ba ya kaiwa. Kuma kada ka kai wa mai faci ya hura da iskar kwamfuresa, ƙarfin iskar na cire tiyon daga mazauninsa a saman silin, daga nan duk ruwan da ya shiga kai tsaye kanka zai zubo, sai an sauke silin gaba ɗaya kafin a mayar. In ka zuba ruwa ya wuce amma bai fito a ƙasa ba, ginshiƙi kuma ya jiƙe, to dama tiyon ya riga ya cire ko ya tsage. Kafin ka samu lokacin gyara ka rufe rufin ka bi gefensa huɗu da salatif mai faɗi, zai riƙe ka kwana biyu, amma kada ka bar shi ya daɗe a rana don gam ɗinsa na kama fenti.

4. Gwajin ruwa

In magudanai sun buɗe ka tsane cikin motar iya iyawarka, ka shimfiɗa busasshiyar jarida ko tishu a duk inda kake zargi, ƙarƙashin dashbod, dokin ƙofa, cikin but. Jarida na nuna ɗigo ɗaya tak. Kai ne za ka shiga ciki da tocila, a rufe ƙofofi da gilasai.

Doka biyu ce. Ta farko, ruwan ya zama a hankali kamar na sama, a cire kan tiyo a bar shi yana kwarara, ban da injin wankin mota mai ƙarfi don shi ko lafiyayyar roba sai ya tura ruwa ta cikinta ya sa ka gyara abin da bai lalace ba. Ta biyu, daga ƙasa ake farawa a hau sama. In yaro ya fara da rufi ruwa ya jiƙa ko'ina, ko ka ga ɗigo ba ka san ta ina ya zo ba. Ga yadda nake bi: ƙasan ƙofa, sai tsakiyar ƙofa da gindin gilashinta, sai kwatamin waifa, sai gefen gilashin gaba na hagu, na dama, sai samansa, sai saman ƙofofi, rufi a ƙarshe. Bayan mota ma haka, fitilu tukuna, sai bakin but, sai gilashin baya. Kowane wuri a ba shi aƙalla minti 5, don wani yoyon sai ruwa ya cika wani lungu kafin ya tsallako. Mai buta ya yi ta zubawa siriri ba yankewa. Gajen haƙuri ne ke sa a ce an gwada ba a ga komai ba.

Kana ganin ɗigon farko ka buga gilashi a tsaya. Ka bi shi da tocila zuwa mafi tsayin wurin da ya jiƙe, ka sa alama da salatif ciki da waje. Ka shanya wurin ka sake zubawa a nan kaɗai don ka tabbatar. Kuma ka ƙarasa sauran wuraren, tsohuwar mota ba abin mamaki ba ne a samu kafa biyu ko uku.

In babu wanda zai taya ka, ka barbaɗa hoda a wuraren da kake zargi ta ciki, ka fita ka zuba ruwan da kanka, sawun zai fito a jikin hodar. Ko ka jingina wayarka a ciki tana ɗaukar bidiyo da fitila a kunne.

5. Gyara, gwargwadon abin da ka gani

In ta ƙofa ne. Kowa robar ƙofa yake fara zargi, amma ni abin da na fi samu shi ne ledar cikin ƙofa. In ka cire marfin cikin ƙofa za ka ga wata leda an manna ta da baƙin gam mai kama da cingam, aikinta ta mayar da ruwan da ya bi gilashi ya koma cikin ƙofa ya fita ta ƙasa. To ranar da aka gyara maka injin ɗaga gilashi ko aka sa sifika, da yawa yage ta suke yi su yar, ko su mayar da ita a buɗe ta ƙasa, kai kuma ba za ka sani ba sai damina. Alamarsa ruwa na fitowa daga ƙasan marfin ƙofa ya bi ta kan dokin ƙofa ya shiga kafet. In ledar na nan ka ɗumama gam ɗin a rana ko da na'urar busar da gashi ka danna ya kama, ka fi kula da layin ƙasa. In babu ita ka yanko leda mai kauri, irin ta shimfiɗar gini ko wadda ake naɗe sabuwar katifa, ka yanka daidai ƙofar ka manna da irin wancan baƙin gam ɗin, masu kayan gilashin mota na sayar da shi a naɗe kamar igiya. In bai samu ba salatif mai ƙarfi zai yi na wucin gadi, zafi na sa ya saki.

Ita kuma robar ƙofa ga gwajinta: ka sa takarda ko kuɗin takarda a bakin ƙofa ka rufe, ka ja. In ka ji ta riƙe to lafiya, in ta zare salin-alin to nan robar ta kwanta. Ka zagaye ƙofar kana yi taƙi-taƙi. Wadda ta fita daga mazauninta ka wanke ka mayar, ɗan ebostik ya isa. Wadda ta kwanta amma ba ta yage ba, in mai rami ce a ciki, ka zura mata siririn tiyo irin robar ƙarin ruwa ta asibiti sabuwa, ka shafa ruwan sabulu ya shige, za ta sake kumbura. Wadda ta yage ko ta bushe tana farfashewa sai canji, ka nemi ta Belgium mai laushi a Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka lanƙwasa ta a hannu ka gani kafin ka biya. Kada ka shafa wa roba baƙin mai ko gas ko basilin wai don ta yi laushi, kumbura take ta lalace, gilisarin na kemis ko feshin silikon shi ne daidai. In kuma motar ta taɓa hatsari ƙofar ce ba ta zauna daidai ba, ko sabuwar roba ka sa ba za ta kama ba, sai fanel bita ya saita hinji da maƙalar ƙofar.

In ta gilashin gaba ko na baya ne. Ka fesa ruwan omo a gefen gilashin ta waje, wani ya hura iska ta ciki a bakin gilashin da famfon keke ko abin hura wuta na lantarki, inda kumfa ta tashi nan ne kafar. Wannan ya taɓa ci min tuwo a ƙwarya, na canza gilashi da rani, wanda ya sa min bai kankare tsohon gam da tsatsar da ke saman firam ɗin ba ya ɗora sabo a kai, ruwan farko na zuwa silin ya jiƙe har ruwa na ɗiga kan sitiyari, sai da aka sake ciro gilashin aka goge ƙarfen aka shafa fenti sannan aka zauna lafiya. In kafar ƙarama ce ka ɗaga robar ado, ka wanke wurin ya bushe ƙarau, ka cusa baƙin gam ɗin gilashin mota irin su Sikaflex, ka ba shi kwana ɗaya ba ruwa. In ta kai tsawon hannu, ko ka tura gilashin ta ciki ka ji yana motsi, ko ka ga fenti ya kumbura da tsatsa a gefensa, a ciro shi kawai a yi aikin daga tushe, don gilashin gaba yana cikin abin da ke riƙe rufi in mota ta kife.

Silikon ɗin banɗaki, farin nan mai warin tsami da ake sa wa tayil, ina roƙonka ka nisanta shi da motarka. Tsamin da ke cikinsa na sa ƙarfe tsatsa, fenti ba ya kama shi, kuma gam ɗin gilashi na gaskiya ba zai kama inda ya taɓa ba sai an sha wahalar kankarewa. Na ga motoci da yawa an zagaye gilashinsu da shi har da ofin ruf, ruwan bai daina shiga ba, an dai ƙara wa mai gyara aiki.

In but ne. Fara da fitilun baya, tsakaninsu da jikin mota akwai wani soso siriri da ke mutuwa, ko an canza fitila ba a mayar da shi ba. Ka kwance fitilar, ka yanka sabo daga soso mai laushi wanda ba ya shan ruwa, ko ka zagaye da baƙin gam mai kama da cingam, kuma kada ka ɗaure noti da ƙarfi fitila ta tsage. Sai robar bakin but, sai wasu 'yan tagogin roba da ke ɓoye a bayan bamba ta gefe waɗanda ke fitar da iska in an rufe ƙofa. Motar da aka taɓa daka ta baya kuma ka duba layin walda, in ya tsage ka goge da samfefa, ka shafa jan fenti mai hana tsatsa, in ya bushe ka bi da gam ɗin jikin mota.

In rufi ne kuma ba ofin ruf. Ka ɗaga baƙaƙen robobin nan biyu da suka bi tsawon rufi hagu da dama, a ƙarƙashinsu mahaɗar ƙarfe take kuma gam ɗinta na tsagewa siriri kamar gashi, an san Honda Jazz da wannan ta wajen ƙarshen rufi kusa da ƙofar but. Ka duba gindin eriya da notocin kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a saman mota, in akwai.

Sai na ƙarshe da ake yawan mantawa, bangon da ke tsakanin inji da cikin mota. Duk wanda aka sa masa na'urar tsaro ko amfilifaya ko ƙarin fitilu, ka bi wayar ka ga ta ina rewaya ya shigo da ita, galibi robar da ke toshe kafar suke hudawa ko su cire ta gaba ɗaya, ruwa kuma ya bi jikin wayar kamar igiyar guga. Ka toshe da gam, ka kuma lanƙwasa wayar ta yi ɗan ciki ƙasa kafin ta shiga, yadda ruwan zai ɗige a waje. Ƙasan motar ma akwai robobin toshiya masu faɗin murfin kwalba, ka leƙa ko ɗaya ta faɗi.

6. Busarwa

Kada ka raina wannan matakin. Soson ƙarƙashin kafet in ba ɗaga shi ka yi ba sai ya yi makonni bai bushe ba, ƙasan mota na tsatsa, wayoyi na yin kore, ga fumfuna da ke tayar wa yara da masu asma ciwo. In ruwan da yawa ne cire kujerun gaba ka fito da kafet ɗin gaba ɗaya ka shanya a kan katanga, soson yana kallon rana. In kaɗan ne ka danna tawul ka matse har ya daina ɗebowa, ka ɗaga kafet ɗin ka tokare shi da gorar ruwa ko guntun katako, ka buɗe ƙofofi a rana, in da wuta ka kunna masa fanka. Da damina yakan ɗauki kwana 2 zuwa 3, hadari na haɗuwa ka rufe. Ramin sifeya taya akwai robar toshiya a ƙasansa, cire ta ruwan ya tsiyaye ka mayar.

Duk soket ɗin da ka samu a cikin ruwa ka cire shi, in ya yi kore ka wanke da feshin wanke soket ko sifirit da tsohon buroshin haƙori, ya bushe sarai kafin ka mayar da batir. Tsatsar ƙasa ka goge ka shafa fenti. Wari kuma turare ba ya kashe shi, haɗuwa suke su fi da muni, ka goge wurin da ruwan khal da aka surka, ka barbaɗa bekin soda ya kwana ka share, ka ajiye gawayi a kwano ƙarƙashin kujera na sati ɗaya.

7. Sake gwadawa kafin ka rufe

Gam ya kwana ya bushe, to kafin ka mayar da kafet da robobi ka sake gwajin ruwan nan a wurin da ka gyara, minti 10 cur, sannan a jiƙa motar gaba ɗaya. Ni nakan bar kafet a ɗage da jarida a ƙasa har sai an yi ruwan sama na gaske sau ɗaya, don ruwa mai iska yana shiga inda tiyo bai kai ba. In jarida ta kwana a bushe sai ka mayar da kaya, soket ɗin kujera tukuna, ka ɗaure notocin kujera tam, batir a ƙarshe. Maɓallan robar da suka karye ka saya sababbi ka cike, musamman na marfin ƙofa da na robar ƙasan waifa, in ka bar ta tana rawa ganye zai sake samun hanya.

Daga nan kuma duk watan Afrilu ko farkon Mayu kafin ruwan farko, ka ɗaga bonet ka kwashe ganyen ƙasan waifa, ka sosa kafofin ƙasan ƙofa, ka zuba rabin kofi a kowace kusurwar ofin ruf ka ga ya fito ta ƙasa. In inuwar bishiya ce wurin kwanan motarka ka ƙara yi sau ɗaya a tsakiyar damina.